Sifika mai jin magana a ɗaki huɗu: zai yiwu a gida irin namu na Sakkwato?

"Salamu alaikum Injiniya. Ƙanena da ke karatu Ingila ya taho mani da sifika biyu irin waɗanda ake ma magana su amsa, Echo Dot anka rubuta a kwalin. Na kuma ga wata ta Google hannun wani yaro shina son sayarwa. Gidana Arkilla yake, akwai falona a waje, sashen uwargida, sashen amarya, sai kicin. So nike in na ce a sa karatu da asuba ko waƙa da marece a ji ko'ina lokaci guda ba tare da an ja waya ba. MiFi gare ni. Zai yiwu? Kuma in sayi ta Google ɗin in haɗa su?"

Wa alaikumus salam Malam. In na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: ko sifikokin nan za su iya yin abu guda a ɗaki huɗu ba a ji wata ta riga wata ba, da kuma ko Echo da ta Google za su zauna inuwa ɗaya. Ta farko eh zai yiwu, ta biyu a'a. Amma dai kada ka yi saurin ba yaron nan amsa tukuna, don akwai wata tambaya ta uku da ba ka yi ba wadda ita za ta yanke hukuncin, za mu zo gare ta. Ni aikina sola ne da kyamara da jan waifai a gidaje da ofisoshi, sifikokin ga a gefe sunka shigo mani, mutum ya kira ka ka sa mai inbata sai ya ɗauko kwali ya ce don Allah Injiniya duba mani wannan ma, yarona ya aiko. Da haka da haka na saita su a gidaje da dama, Mabera, Gawon Nama, Runjin Sambo, kuma kusan duk inda abin ya ƙi, ba sifikar ce ke da laifi ba.

Da farko ka cire ma ranka cewa irin sifikar Bluetooth ce da muke sayowa kasuwa mu cusa mata memori. Wagga babu waƙa ko ɗaya cikinta. Kunne gare ta da baki kurum. Tana zaune tana jiran ta ji sunan da ake kiranta da shi, da ta ji sai ta ɗauki abin da ka faɗa ta aika ta intanet zuwa kwamfutocin kamfanin, can ne ake fassara mi kake nufi, a dawo mata da umarni, sannan ita da kanta ta je ta janyo waƙar daga inda take, Spotify, manhajar sauraren waƙa ta intanet, ko makamancinshi. Wayarka ba ta cikin lissafin, kana iya kashe ta ma waƙa ba ta tsaya ba. Amazon sun fito da Echo a 2014, sai a 2017 sunka ƙara mata iya haɗa ɗakuna da yawa. Google sun fito da tasu a 2016, Apple da tasu mai suna HomePod a 2018. Amma duk wani kamfani na Amurka mai suna Sonos ya riga su wanga fage na waƙa ɗaya a ɗakuna da yawa, tun 2002 anka kafa shi, su kuma kunnen ne sunka ƙara daga baya.

Abin da ke da wuya cikin aikin ba janyo waƙar ba ne, daidaita lokaci ne. Ka tuna ranar Juma'a in ka makara ka samu sahu can waje bakin titi, lasifikar da ke kusa da kai ta ce wani abu, sai ta can nesa ta maimaita shi bayan ɗan ƙiftawar ido, har huɗubar ta riƙa cakuɗewa a kunnenka. Sauti shina tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma kunnen mutum baya buƙatar wani jinkiri mai yawa kafin ya fara jin abu ya zama biyu, kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ma ya isa. To don kada haka ta faru a gidanka, sifikokin sai sun daidaita agogonsu da juna ta cikin waifai, kowace ta tara ɗan guntun waƙar a ajiye, sannan su sake shi lokaci guda. Kowane kamfani da irin yaren da nashi sifikoki ke yin wagga yarjejeniya, kuma ba su koya ma juna. Shi ya sa Echo ba ta shiga rukunin Google, ta Google ba ta shiga rukunin Echo. In ka sayi ta yaron nan ka aje kicin, za ta yi aiki ita kaɗai lafiya lau, amma ranar da ka ce a sa karatu ko'ina, ko dai ta yi shiru ko ka sa mata nata daban su riƙa tsere da sauran. Inda na san ana ɗan gauraya shi ne ta hanyar AirPlay 2 na masu iPhone, nan HomePod da Sonos suna iya yin waƙa tare, amma wannan bai shafe ka ba, kuma gaskiya HomePod sau biyu kacal na taɓa saitawa don haka ba zan cika baki a kanta ba.

MiFi ɗin nan shi ne matsalarka ta farko

Bari in ba ka labarin wani gida a Mabera. Sifika uku, falo da ɗakin hajiya da kicin, na haɗa su rukuni da marece komi ya yi, maigida har da sa albarka. Kwana biyu sai ga kira, Injiniya kayanka sun lalace, da dare suna yi amma da rana ko uffan ba su cewa, hajiya ta ce tun safe take ma abin magana har ta fara jin kunyar 'yan aiki. Na tahi da rana tsaka na duba wuta akwai, sifika a kunne, na ɗauko wayata in shiga waifai ban ga sunanshi ba kwata-kwata. Na ce hajiya ina MiFi? Ta ce ai shina aljihun Alhaji, da shi yake fita kasuwa kullum. To ka ji. Ba na faɗi don dariya ba, kai ma da ka ce MiFi gare ka na san tare kuke yawo, haka anka yi shi ai. Sifikokin ga suna son waifai mai zaman gida wanda baya motsi, kuma dukansu dole su kasance kan suna ɗaya.

Ko ka ce za ka bar shi gida, MiFi ɗan ƙaramin abu ne, eriyarshi ba ta da ƙarfin ratsa gida mai sassa. Ga kuma iyakar na'urorin da yake ɗauka, da yawansu wajen goma ne, ka ƙirga wayoyin gidanka da na yara da talabijin ka ga ko akwai sauran wurin sifika huɗu. Abin da kake buƙata rawuta ce ta zama, irin mai cin layin waya mai eriya a tsaye, a kafa ta wuri mai tsawo kusa da tsakiyar gida, ba cikin durowa ba, ba bayan talabijin ba.

Ginin namu ma sai an yi magana a kai. Waɗanda sunka ƙera kayan ga gidajensu yawanci bangon ciki na katako ne da allo, waifai shina wucewa kamar ba komi. Mu kuwa bulo ne mai inci tara da filasta, ga dakin kankare da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga tankin ruwa a tsakar gida, kuma ruwa da ƙarfe duk suna shanye sigina. A cikin gari inda ake da ginin ƙasa mai kauri abin ya fi haka. Sannan tsarin gidanmu ba dunƙule yake ba, falon maigida shina waje, sai ka ratsa tsakar gida kafin ka kai sassan mata, kicin can ƙurya. Rawuta ɗaya da wuya ta ishe ka. Yawancin rawutoci suna watsa waifai kala biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma bango biyu sun gama da shi, na 2.4 ya fi haƙuri da nisa. Waƙa ba ta son gudu mai yawa, abin da take so kada sigina ta riƙa yankewa, don haka a gida irin naka ni kan 2.4 nike ɗora su duka in ba wani dalili.

Gwajin da za ka yi da kanka ba ka biya kowa ba: aje rawuta inda kake tunani, ɗauki wayarka ka kashe data, ka je daidai inda kowace sifika za ta zauna, ka rufe ƙofa kamar yadda take da dare, ka kunna bidiyo na minti biyar. In ya riƙa tsayawa, sifikar ma za ta riƙa faɗuwa daga rukuni, kuma mugun abin shi ne ɗaya mai raunin sigina kan sa a ji dukan rukunin shina sarƙewa. Maganin da na fi yarda da shi, a ja kebul guda daga rawuta zuwa sashen da ke nesa a sa wata 'yar na'urar watsa waifai can, suna ɗaya lambar sirri ɗaya. Na san ka ce ba ka son jan waya, amma kebul ɗaya ne ta saman katanga, ba huɗu ba. In ba ka so, akwai masu zuwa biyu ko uku a kwali da ake ce ma mesh, suna miƙa ma juna sigina, sun fi tsada dai. Wanda nike gudu shi ne ɗan ƙaramin abin nan mai arha da ake cusawa a soket don ƙara nisan waifai, sau da yawa sai ya buɗe wani suna na daban ya raba gidan biyu, sifikar falo ba ta ganin ta kicin.

Akwai kuma wani saiti da ke ɓoye cikin wasu rawutoci da MiFi, sunanshi AP isolation, aikinshi hana na'urorin da ke kan waifai ɗaya ganin juna. A otal abu ne mai kyau. A gidanka kuwa in shina kunne, kowace sifika za ta yi waƙa ita kaɗai daram amma rukuni ba zai taɓa haɗuwa ba, ka yi ta sake saiti har ka gaji. Na taɓa ɓata yini guda kan wannan kafin in gano. A kashe shi. Waifai na baƙi ma haka yake, kada ka ɗora su kanshi.

Wuta da zafi

Echo Dot ba ta da batir. An ɗauke wuta ta mutu, an maido sai ta ɗauki wajen minti guda tana neman kanta, rawuta ma haka, kuma waƙar da ake yi ba ta ci gaba da kanta sai ka sake faɗi. In gidanka kan janareto da canjin layi yake, duk juyawa ɗaya sai an sake wannan. Abin daɗin shi ne ba su cin wuta, adaftar Dot na 'yan shekarun nan wat 15 ce iyakarta kuma ba ta kai nan sai an ƙure murya, to huɗu da rawuta gaba ɗaya ba su wuce abin da fankar sama ɗaya ke ja ba. In kana da inbata ka sa mai wayarin ya tabbatar soket ɗin da kowace za ta zauna shina kan layin inbata. In babu, ko rawutar kaɗai ka sama mata ɗan batirin nan da ake yi don rawuta. Tunda naka daga Ingila sunka zo, bakin adaftarsu mai ƙafa uku ne irin namu, ka huta. Na Amurka masu ƙafa biyu fale-fale su ma suna ɗaukar wutarmu, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240 a jiki, abin canza baki kurum ake sa masu, amma a samu mai kyau don mai sako-sako shi ke sa sifika ta riƙa mutuwa tana tashi a ce aljanu.

Zafi kuwa, irin waɗanga kaya yawanci digiri 35 ne iyakar da masu su sunka rubuta, mu kuma Afrilu da Mayu muna haye 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Cikin ɗaki a inuwa ban ga suna damuwa ba. Amma kada a aje bakin taga inda rana ke bugu, kada a ɗora kan firij ko inbata, kuma ta kicin a nisanta ta da murhu da tururin mai, don ramukan kunnenta ƙanana ne, mai da ƙurar hunturu in sunka haɗu sai su toshe su ta koma kurma, ka yi ta ihu. Buroshin haƙori busasshe sau ɗaya a wata ya wadatar. Tsakar gida a fili kuwa kada ma ka fara, ba a yi su don ruwa ko raɓa ba.

Tambayar da ba ka yi ba: mi za ka saurara?

Nan ne maganar take. Sifikokin ga ba su jin Hausa, ko Alexa, wato sunan da ake kiran Echo da shi, ko ta Google. Alexa ta samu Larabci a ƙarshen 2021, na mutanen Saudiyya da Daular Larabawa, amma Hausa babu. Turanci za ka yi mata, kuma Turancinmu tana ɗauka in an yi a hankali, sai dai da ka ambaci sunan mawaƙin Hausa ko sunan waƙa sai ta laluba ta kawo maka wani bature can mai suna mai kama da haka. Na ga dattijo ya nemi waƙar noma abin ya sako mai kiɗan disko gaban surukai. Dabarar da nike yi, a wayarka ka tara abin da kake so cikin jeri, ka ba kowane jeri gajeren suna na Turanci wanda ko yaro zai iya faɗi. Na asuba ka ce mai morning, na marece evening, shi ke nan. Rukunin da ya haɗa duka sifikoki a manhajar Alexa ana ce mai everywhere, sai ka ce "Alexa, play morning playlist everywhere". Ɗakunan ma haka, kada ka sa masu suna sashen uwargida, ba za ta gane ba, ka ce room one, room two. Wane ne one wane ne two kuma, wannan tsakaninka da iyalinka ne, ba ruwan Injiniya.

In ma ba ka son yin magana, ana saita lokaci a manhajar ta riƙa kunna karatun da kanta kullum. Ka dai duba abu biyu. Lokacin asuba shina matsawa cikin shekara, sai ka riƙa gyarawa. Sannan ka shiga saitin kowace sifika ka mai da agogonta na Najeriya, don in ta zauna kan agogon Ingila, rabin shekara za ku yi daidai, da sun canza nasu agogon a ƙarshen Oktoba sai ka ga ta makara da awa ɗaya. Kuma in ƙanenka ya taɓa yi masu rajista da akawun nashi, gara ya cire su daga can kafin ka sa naka.

To daga ina waƙar za ta fito? A Echo hanyar da ta fi sauƙi gare mu Spotify ce, sun shigo Najeriya a Fabrairun 2021, ana haɗa akawun ɗin da Alexa, kuma ko daga cikin manhajar Spotify a waya kana iya zaɓen rukunin ka tura waƙa ba ka ce uffan ba, wanda ni na ga mata sun fi son haka. YouTube Music kuwa ba ya haɗuwa da Alexa, na Google ne. Mawaƙan zamani na Hausa da manyan makaranta Alƙur'ani na duniya za ka same su a Spotify. Amma ka san abin da mutanenmu sunka fi saurare ba can yake ba. Tafsirin azumin bara na malamin unguwa, wa'azin da anka turo a WhatsApp, waƙoƙin fada na da da na noma da na 'yan dambe waɗanda anka kwafo daga kaset, duk suna cikin memori, wajen masu turi anka samo su. Echo ba ta da hanyar watsa waɗannan a ɗakuna. Kana iya haɗa wayarka da ita ta Bluetooth, amma sifika ɗaya tak za ta yi, rukuni baya karɓar abin da ya shigo ta Bluetooth.

A nan ta Google ta fi. In wayarka Android ce, cikin manhajar Google Home akwai inda za ka ce a tura duk sautin da waya ke yi zuwa sifika ko rukuni, ko na memori ne ko na WhatsApp. Aibinshi, yanzu wayar ce ke ciyar da su, in ka fita da ita waƙa ta tsaya, kuma sauran ƙararrakin waya ma suna iya bin layin su fito a ɗakuna. Amma dai shina yi. Don haka ga abin da za ka yi: buɗe wayarka ka duba abubuwa goma da ka fi saurare watan ga, ka neme su a Spotify. In ka samu bakwai ko takwas, zauna kan Echo, ka ba yaro haƙuri. In biyu ka samu, to Echo huɗu za su zame maka kayan ado, gara ka sayar da biyun ko ka bar su a matsayin na tambayar lokaci, ka tara na Google zalla. Da a ce ba kyauta ka samu ba kuma ka tambaye ni kafin saye, da wayar Android a hannunka, Google zan ce maka.

Akwai hanya ta uku da ba ta da kwalliya amma sai na faɗa maka ita don amana. Ampilifaya ɗaya mai cin memori da rediyo, a ja siririyar waya zuwa sifika huɗu, kowane ɗaki da maɓallin rage muryarshi. Babu data, babu waifai, babu jinkiri tsakanin ɗakuna don wuta ɗaya ke tafiya cikin waya, ga Rima Radio kyauta. Ba ta jin magana, shi ke nan aibinta. Wasu gidajen da sunka kira ni kan sifika mai magana, wannan na ƙare da yi masu kuma ba su sake kira ba. Kuma kaya ne da ke hannunka. Waɗancan kuwa rabin aikinsu shina hannun kamfani, yau akwai gobe an cire. A farkon 2022 bayan hukuncin da anka yanke a Amurka kan rigimar Google da Sonos, masu sifikar Google sun wayi gari ba su iya rage muryar rukuni gaba ɗaya, sai ɗaya bayan ɗaya. Chromecast Audio, 'yar na'urar da ke mai da tsohuwar sifika ta shiga rukunin Google, a 2019 sunka daina yin ta.

Data da zaman gida

Lissafin data ba wuya. Waƙa a matsakaicin inganci, kilobit 160 a daƙiƙa, tana cin megabait 72 a awa. Awa biyar kullum wata guda ya kama gigabait 10.8. A mafi inganci, 320, ninka biyu, wajen 21.6. Abu biyu ke ruɗa mutane. Waƙoƙin da ka sauke a wayarka don saurare ba data, sifika ba ta amfani da su, sabo take janyowa kowane lokaci ko sau ɗari ka saurara. Kuma rage inganci a saitin waya ba lallai ya shafi abin da sifika ke ja ba. Batun ko ɗaki huɗu na nufin data ninki huɗu, a tsarin Sonos da na Google ɗaya ce ke zama shugaba ta janyo ta rarraba ma sauran ta cikin gida. Ko wace iri ka ɗauka, ka buɗe shafin rawuta ka rubuta adadin data kafin da bayan awa ɗaya na rukuni, wannan ya fi duk abin da zan gaya maka.

Akawun ɗin Spotify na mutum ɗaya wuri ɗaya yake waƙa a lokaci guda. Rukuni duka ana ƙirga shi wuri ɗaya, amma in kana mota hanyar Birnin Kebbi kana saurare, amarya ta ce ma sifika ta sa waƙa, taka za ta tsaya cak. Ko ka buɗe ma gidan akawun nasu daban, ko ka ɗauki tsarin iyali mai ɗaukar mutum shida.

Sai abin da ya fi waifai muhimmanci a gida mai mata biyu. Wagga na'ura kunne ce a ɗakin mutum. Ba wai tana aika duk hirar da ake ba, sai ta ji sunanta, amma takan yi kuskuren ji, kuma a 2019 ya fito fili cewa kamfanonin nan suna da ma'aikata masu sauraren wani ɓangare na muryoyin da anka ɗauka don gyara aikin na'urar. Akwai maɓalli a samanta mai kashe kunnen, in an danna sai ta nuna ja, kuma waƙar rukuni na ci gaba ko kunnen shina kashe. Ka nuna ma kowace matarka shi ranar farko. Sannan Echo na da wani abu da ake ce ma Drop In, wanda daga falo ko daga wayarka kana iya buɗe sifikar wani ɗaki ka ji abin da ake ba tare da an amsa ba, ɗan ƙara kurum take yi da koren haske. Ni duk gidan da na saita, gaban matan gidan nike kashe shi a ɗakunan kwana in ce su gani. Ranar da ɗaya ta gano ana iya jin ɗakinta daga ɗakin 'yar'uwarta, ba sifika kaɗai za ta fita ta taga ba. Wanda ke da amfani shi ne na sanarwa, ka faɗi magana sau ɗaya ta fito ko'ina, a kawo ruwa falo an yi baƙi, ko yara a tashi sallah, wannan baya buɗe kunnen kowa. Ka kuma kashe saye da murya don yara. Kuma ka bar kowane ɗaki da ikon muryarshi, mai jego ko mai ciwon kai ta rage nata da hannu ba sai ta roƙi kowa ba.

Ɗaki huɗu sifika biyu gare ka, to kada ka kuskura ka kai ɗaya sashe ɗaya ka bar ɗayan. Ka gwada da falo da kicin tukuna, su ne ma sunka fi nisa da juna don haka gwajin waifai ne mai kyau, sati biyu, ka ga data ka ga wuta. In ya yi, ka sayo biyu rana ɗaya iri ɗaya launi ɗaya. Ka kuma juya bayan Dot ɗin ka duba ko akwai ɗan ramin jak kusa da na wuta, na kafin 2022 suna da shi, na bayan nan an cire. In akwai, ta falo kana iya jona ta da babbar sifikarka ta gida murya ta cika, sai dai ka tsaya tsakar gida ka saurara, wasu manyan sifikokin suna ƙara ɗan jinkiri nasu sai ka ji falo na bin kicin a baya. Ban ga gidanka ba, don haka inda rawuta za ta zauna da ko kebul ɗaya zai isa sai na ga tsarin. Ka zana mani shi ko a bayan kwalin Echon ne, ka nuna ƙofofin ƙarfe da inda tankin ruwa yake, ka turo.